Dosiyena yana hannun Kanada: in nemi bizar ziyara ko in zauna in jira?

Amaryar Garwa: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na daɗe ina karanta ku ban taɓa tofa baki ba, yau dai abin ya cika mini ciki. Ina Garwa, a Rumde Ajiya, gidan iyayen maigidana. Shi yana Kanada, a Edmonton, yana da takardar zama ta dindindin amma bai zama ɗan ƙasa ba tukuna. Bara ya zo muka yi biki, ya yi kwana 26 ya koma. Rabona da ganinsa ido da ido wata 11 ke nan. Wata biyar da suka wuce ya shigar da dosiyen ɗaukata, wato takardun nema mini zaman dindindin a matsayin matarsa, takardar da ke nuna sun karɓa ta fito, na je Yawunde an ɗauki hoton yatsuna. Daga nan shiru kake ji.

Abin da ya kawo ni, ina son in je in gan shi ko da na wata biyu ne. Wani mai haɗa wa mutane takardu a nan garin ya ce muddin na rubuta cewa mijina yana can, ba za su ba ni bizar ziyara ba har abada. Ya ce in kawo sefa dubu 800, zai rubuta ni a budurwa, ya samo mini gayyata daga wata mata a Montiriyal a matsayin yayata, har da takardar banki. Inna, wato mahaifiyar maigidan, ta ce kada in taɓa komai, kada garin neman gira a rasa ido. Ni kuma wallahi dare yana yi mini tsawo. Don Allah wanda ya san abin nan ya faɗa mini gaskiya ko da ɗaci.

Maman Biyu, Kalgari: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, kafin komai: kada ki ba mutumin nan ko dala. Ki tsaya ki yi tunani. Yatsunki suna cikin kwamfutarsu, sunanki da ranar haihuwarki da takardar aurenki duk suna gabansu, a ofis ɗaya. Ki zo kuma da wata takarda ki ce ba ki da miji? Kafin jami'in ya gama shan shayinsa ya gano. A dokarsu ta shige da fice, sashe na 40, wanda ya yi ƙarya ko ya ɓoye wani abu mai muhimmanci ana hana shi shiga ƙasar shekara biyar. Kuma dosiyen auren ma zai tafi tare da shi. Ba ruwansu da cewa wani ne ya cika miki, sa hannunki ne a ƙasa.

Ɗan Domayo: Ni shawarata ta Inna ce. Ki zauna ki jira. Na san mutum uku a Marwa da suka nemi ta ziyara alhali dosiye yana tafiya, duk an hana su. Mai haƙuri yakan dafa dutse.

Maman Biyu, Kalgari: An hana su bizar ziyara, na yarda. Amma tambaye su, dosiyen auren ya lalace? Abu biyu ne daban, Malam. In ka faɗi gaskiya aka hana ka ziyara, kuɗinka dala 100 ne suka tafi, sai ɓacin rai. Dosiyen yana nan yana tafiyarsa. Abin da kawai ya zama dole, duk inda aka sake tambayarka ko an taɓa hana ka biza, ka ce e.

Kuma dokar da kanta ta ba da hanya. Sashe na 22, sakin layi na 2, ya ce mutum yana iya zama da niyya biyu: yana son zama na dindindin, kuma yana son zuwa na ɗan lokaci kafin nan. Wannan ba laifi ba ne. Abin da jami'in yake so ya gamsu da shi ɗaya ne, in kwanakin da aka ba ki suka ƙare ba a amince da dosiyen ba, za ki fita. Shi ya sa a yawancin takardun hanawa za ki ga an rubuta 179(b), sakin dokar da ya yi maganar fitar nan. A watan Mayun 2023 ministansu na lokacin, Sean Fraser, ya sanar cewa za a riƙa gaggauta bizar ziyara ta matan aure da mazan aure da ke da dosiye a hannu, yawanci cikin kwana 30. Ni ta wannan ƙofar na shigo. Na nema sau ɗaya kafin takardar karɓa ta fito, aka hana ni. Na sake nema bayan ta fito, na sa lambar dosiyen a shafin farko, aka ba ni.

Ɗan Domayo: To Hajiya, ke Allah ya ba ki sa'a. Ba kowa ba ne.

Maman Biyu, Kalgari: Ban ce kowa ba ne. Na ce ƙofa ce ta halal, kuma ƙwanƙwasa ta ba ya rushe gida.

Amaryar Garwa: Anti, Allah ya saka da alheri, har na ji numfashina ya dawo. Amma me zan nuna musu cewa zan dawo? Ba ni da fili, ba ni da mota. Ina koyarwa a wata firamare mai zaman kanta, albashin ba wani abu ba ne. Da rana kuma ina ɗinkin zanen gado.

Malamin Dang, Ngawundare: Wannan koyarwar da kike rainawa ita ce dukiyarki a takarda. Ki karɓi shaidar aiki daga shugaban makarantar, da takardar hutu mai kwanan wata: daga ranar kaza zuwa ranar kaza, za ta dawo aji ranar kaza. In kin daidaita tafiyar da babban hutu, Yuli da Agusta, maganar ta zauna da kanta, domin kowa ya san ana komawa makaranta a Satumba. Ki haɗa da takardun albashi na 'yan watanni. Asusun banki kuwa, wanda kike da shi na gaskiya, ko kuɗin ciki kaɗan ne. Abin da yake kashe mutanenmu shi ne a ga asusu yana barci da sefa dubu 40 shekara guda, rana ɗaya miliyan huɗu ta faɗo ciki sati biyu kafin a nemi biza. Ko ni aka ba wa takardar sai na tambaya. Tunda maigida ne zai ɗauki nauyin tafiyar, shi ya kawo nasa: takardar aiki, albashi, hayar gida, da wasiƙar gayyata da ya rubuta a fili cewa matata ce, ga lambar dosiyenmu.

Sannan ke ma ki rubuta wasiƙa gajera da bakinki, da Faransanci mai sauƙi. Ki ce kin san in kika wuce kwanakinki za ki ɓata dosiyen da kuka sha wahala a kansa, don haka ba za ki yi ba. Wannan hujjar ta fi takardar fili ta bogi ƙarfi.

Baban Sadiya, Brikitari: Ku yi haƙuri in tsoma baki, akwai abin da ban ji an tambaye ta ba, kuma ya fi bizar ziyarar muhimmanci. Amarya, ranar ɗaurin aure ango yana Garwa ko yana Kanada?

Amaryar Garwa: Baba, ɗaurin auren masallaci an yi shi yana can, ƙanin mahaifinsa ne ya karɓa masa. Bayan wata uku ya zo, muka je meri, wato ofishin magajin gari, tare muka sa hannu, sannan aka yi biki.

Baban Sadiya, Brikitari: Alhamdulillahi. To wace rana kuka rubuta a dosiyen?

Amaryar Garwa: Ta meri. Ta masallacin mun yi bayaninta a wata takarda daban.

Baban Sadiya, Brikitari: Kun tsira. Na tambaya ne don abin da ya sami ɗan yayata. Mu a wurinmu aure ya ɗauru in waliyyi ya bayar, wakili ya karɓa, an ambaci sadaki, shaidu sun ji, an shafa fatiha an raba goro. Ango yana iya kasancewa a Makka, amarya tana ɗaki an lulluɓe ta. Kanada kuwa tun watan Yunin 2015 ta daina karɓar auren wakilci, da na waya, da na intanet. Sai an ga ku biyun kuna wurin da ƙafafunku. Yaron nan ya tura takardar limami kaɗai, jami'in ya buɗe fasfonsa ya ga ranar auren ba ya ƙasar. Shi ke nan, fiye da shekara guda ta tafi a banza. Sai da ya zo aka yi na meri aka faro daga farko. Yarinyar har rama ta yi, dangi suna ta gutsiri tsoma wai ya yaudare ta ne.

Kuma masu shirin zuwa su sani, meri ba a yin ta yau-yau. Ana manna sanarwa wata guda kafin ranar. In hutunka sati uku ne, sai ka sa a fara takardun tun kana can.

Uwar Gida, Kuseri: Baba ya taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. A meri ɗin nan ana tambaya: mace ɗaya ko mata da yawa, kuma a rubuta a jikin takardar aure. Mazanmu da yawa suna zaɓar na biyun ko don kada abokai su yi musu dariya. To su sani, Kanada matar farko kaɗai ta sani. Wanda yake da uwargida a gida, ya zo ya ƙara amarya ya ce ita zai ɗauka, ba za ta wuce ba muddin auren farko yana nan. Na ga wadda aka yi wa haka, aka ɗauke ta daga makaranta da alkawarin Kanada, yau shekara huɗu tana gidan surukai.

Ɗan Domayo: Hajiya, addini ya halatta, kada a mayar da zauren nan wurin zagin maza.

Uwar Gida, Kuseri: Wa ya zagi wa? Addini ya halatta ƙari, bai halatta yaudara ba. Ka faɗa wa yarinya da iyayenta gaskiya cewa ba za ka iya kai ta ba, in sun yarda shi ke nan.

Mai Kula da Zaure: Jama'a a dawo kan tambayar baiwar Allah. Maganar kishiya a buɗe mata nata zaren.

Malam na Tongo: Ni tambayata ga maigidan ce, ba ga amarya ba. Me ya hana shi ya zo? Duk muna ta lissafin yadda mace za ta tsallaka teku, alhali shi ne yake da fasfo da takardar da zai fita ya koma ba mai tare shi. Zuwa da kai ya fi aike. An ruwaito Sayyidina Umar ya tambayi 'yarsa Hafsa tsawon da mace za ta iya haƙurin rashin mijinta, daga nan ya sa wa mayaƙa iyaka, wasu riwayoyi sun ce wata huɗu, wasu shida. Mayaƙa ke nan fa. Wata 11 ba wasa ba ne, kuma kuɗin da ake turowa ba ya zama miji.

Direban Edmonton: Malam, Allah ya gafarta, maganarka gaskiya ce amma bari in faɗa maka yadda abin yake daga wannan gefen, don ni ma ina cikinsa. Hutun da doka ta ba ma'aikaci a nan sati biyu ne a shekara in bai daɗe a wurin aikin ba. Daga Edmonton babu jirgin da zai kai ka Kamaru kai tsaye. Sai ka sauka Toronto ko Montiriyal, ka bi ta Faris ko Burasel ko Kazablanka ko Adis Ababa, ka sauka Duwala ko Yawunde, sannan ka nemi na Garwa, in babu ka kwana a jirgin ƙasa zuwa Ngawundare ka hau mota ka gangara dutsen nan. Kwana uku zuwa, kwana uku komawa. Kuma ba za ka shiga gida hannu rabbana ba, kowa ya san wannan. Kuɗin tsaraba wani lokaci ya fi na tikiti.

Sannan akwai doka. Mai takardar dindindin dole ne ya kasance mazaunin Kanada duk tsawon lokacin da dosiyen yake tafiya. Ɗan ƙasa ne kaɗai yake iya zama a waje ya ɗauki matarsa, shi ma sai ya nuna zai koma. Zuwa na sati uku ko wata guda ba matsala. Amma wanda ya ajiye aiki ya zo ya tare a Garwa wata shida, yana iya kashe dosiyen da hannunsa.

Ban ce kada ya zo ba. Ni na je sau biyu, kuma na ga amfaninsa har a takarda, domin tambarin fasfo da tikiti da hotunan da muka ɗauka a bakin Binuwai duk na ƙara su cikin dosiye. Ina dai roƙon a daina ganin kamar muna nan muna shan daɗi ne. Ranar da sanyi ya kai 30 ƙasa da sifiri, ka dawo ɗaki ba mai ce maka sannu, ka ɗumama shinkafar shekaranjiya, ka kira gida intanet ya ƙi, a nan za ka san jiran nan ba mutum ɗaya yake ci ba.

Malam na Tongo: Na ji, kuma na karɓa. Allah ya haɗa kowa da iyalinsa. Amma ko sati biyun ne, a yi.

'Yar Marjandafak, Njamena: Ƙari kan maganar Direba: wanda ya sami zamansa ta hanyar neman mafaka, shi kada ma ya soma komawa ƙasar da ya ce ya gudo daga gare ta. Suna iya janye masa kariyar, takardar dindindin ɗin ma ta bi ta. Irin waɗannan a wata ƙasa ake haɗuwa. Na san ma'aurata 'yan Kamaru da nan Njamena suka haɗu, ita ta tsallako gadar Ngeli, wasu kuma a umara.

Ku na Kanada ma ku gode wa Allah. Nawa mijin yana Amurka. Can babu zancen niyya biyu a bizar ziyara. Dokarsu, 214(b), tana ɗaukar duk mai nema a matsayin wanda zai je ya zauna, sai ya tabbatar da akasin haka, to ina ga wadda mijinta ya riga ya shigar mata da I-130, takardar neman ɗauko iyali? Ana cikin haka a watan Yunin 2025 aka sa Chadi cikin ƙasashe 12 da aka rufe wa ƙofa, Shugaba Mahamat Deby shi ma ya dakatar da ba Amurkawa biza. Ba yau aka fara ba, a 2017 ma an sa mu, aka cire mu a 2018. Yarona ya fara tafiya, ya fara magana, babansa a waya ya san shi. In ya ga waya a hannun kowa sai ya ce Abba.

Amaryar Garwa: Wayyo 'yar uwa. Na karanta naki sai na ji kunyar kukana. Allah ya buɗe muku.

'Yar Marjandafak, Njamena: Amin. Kada ki ji kunya, kowa da inda nasa yake masa ciwo. Ki nemi taki, in kin samu mu ma mun ji daɗi.

Ɗalibi a Kebek: Tambaya ɗaya, maigidan a Edmonton yake zaune tabbas, ba adireshi kawai ba? Don in Alberta ne, lardin da Edmonton take, ma'aunin da suka sa wa kansu wata 12 ne, wani ya fi haka kaɗan wani bai kai ba. Wata biyar bai kai a tayar da hankali ba. Mu na Kebek ne muke cikin rami. Lardin yana da nasa matakin daban, kuma ya ƙayyade yawan dosiyen iyali da zai karɓa daga Yunin 2024 zuwa Yunin 2026, gurbin ma'aurata ya cika tun Yulin 2025. Jira a nan yana kai shekara uku. Mutanenmu suna ruguwa Montiriyal saboda Faransanci, ba wanda yake gaya musu wannan kafin su yi aure.

Amaryar Garwa: Can yake zaune, can yake aiki.

Goggon Yara, Marwa: Ni ba boko na yi ba sosai, 'yata ce ta bi wannan hanyar, ni na yi ta rakiya. Abin da zan faɗa miki, ki shirya wa ranar da za su kira ki hira, ko ba su kira ba. Su mutanen nan so suke su ga aure a takarda, mu kuma aurenmu da kunya aka gina shi. 'Yata ba ta taɓa kiran sunan mijinta ba. A wayarta Yaya ta rubuta, domin ɗan wan babanta ne, tun tana goye take ce masa haka. Da aka buga hirarsu ta WhatsApp aka kai wa mai fassara, kowane shafi Yaya, Yaya. Mai fassarar ya ce Hajiya, in Bature ya karanta wannan zai ce wa da ƙanwa ne suka haɗa baki. Sai da aka rubuta bayani: a al'adarmu mace ba ta faɗin sunan miji, auren zumunci ne, iyaye ne suka haɗa, ga yadda aka yi baiko, ga ranar da aka kai lefe.

Hotuna ma haka. Muna da hoto fiye da 300 na biki, amma wanda ango da amarya suke tare bai kai biyar ba. Kamu mata zalla, ɗaurin aure maza zalla, ranar kai amarya fuskarta a rufe. Guda 20 suke karɓa, mun sha wuya kafin mu tsinto waɗanda za su nuna dangin ɓangare biyu. Kada ki ɓoye cewa haɗi ne in haɗi ne. Ba su hana auren haɗi ba, ƙarya ce ba sa so. Kuma ki san aikinsa, sunan unguwarsu, ƙarfe nawa yake fita, nawa yake biyan haya. Yaranmu mata ba sa tambayar miji irin wannan, suna ganin rashin kunya ne. To ki tambaya.

Amaryar Garwa: Goggo kamar kina ɗakina. Ni ma Yaya na sa. Yau zan gaya masa mu rubuta bayanin mu tura.

Direban Edmonton: Ku tura ta shafinsu na aika ƙarin bayani, da lambar dosiye. Duk abin da ya canza ma ta nan ake faɗa: adireshi, sabon fasfo, ciki, haihuwa. Maganar haihuwa kada a yi wasa da ita. Duk ɗan da ba a ambata ba kafin uwar ta sami takardarta, ɗauko shi daga baya yana zama babbar wahala. Haka ma namijin da ya yi aure a gida kafin ya shiga Kanada ya rubuta kansa a gwauro don kada tafiyarsa ta yi jinkiri. Dokar ta ce matar da ba ka ambata ba a lokacin, ba ta cikin waɗanda za ka iya ɗauka, sai 'yan wurare kaɗan da aka yi sassauci. Samari masu jiran fita, ku ji wannan da kyau.

Ɗan Domayo: To in ta samu bizar ta je, sai ta zauna kawai har takarda ta fito mana. Wa zai dawo?

Maman Biyu, Kalgari: Ana iya zama, amma ta hanyar doka. A filin jirgi yawanci wata shida suke bayarwa. Kafin su ƙare sai ki nemi ƙari, kada ki bari ko kwana ɗaya ya wuce. Tun 2023 kuma wadda take zaune gida ɗaya da mijinta a Kanada, da takardar karɓar dosiye a hannu, tana iya neman izinin aiki. Ni haka na yi. Amma in kin ce wa makarantarku za ki dawo Satumba, ki yi niyyar dawowar da gaske, in abu ya canza ki sanar da su da hukuma. In an kira ki hira a ofishinsu na waje kuma, dole ki je.

Abu biyu da ba wanda ya gaya mini. Na ɗaya, ki sayi inshorar lafiya kafin ki hau jirgi, domin baƙo shi yake biyan asibiti da aljihunsa, kuma kwana ɗaya a gadon asibitin can ya isa ya cinye albashinki na shekara. Na biyu, a filin jirgi in jami'i ya tambaye ki wurin wa kika zo, ki dube shi ki ce wurin mijina. Na ga wadda kunya ta sa ta ce ɗan uwana, aka shigar da ita ɗaki awa uku.

Kuma akwai dalilin da ya sa dosiyen waje, irin naku, ya fi kwanciyar hankali: in aka ƙi shi, maigida yana da kwana 30 ya ɗaukaka ƙara. Wanda aka shigar daga cikin ƙasar ba shi da wannan damar. Don haka ko kin je, kada wani ya ce ku janye ku sake sabo.

Uwar Gida, Kuseri: Ki kuma san haƙƙinki, ƙanwata. Takardar da ya sa wa hannu alkawari ne na shekara uku, ci da sha da sutura da wurin kwana, daga ranar da kika sami zaman dindindin, ko da zama ya ƙi daɗi. Kuma takardar taki ce, ba ya iya karɓe ta. Ba fata nake ba, Allah ya ba ku zaman lafiya. Amma mace ta shiga ƙasar da ba ta da kowa, gara ta san inda ƙafarta take.

Malamin Dang, Ngawundare: Lissafin kuɗi don masu karatu a ɓoye: a Afrilun 2024 kuɗin dosiyen mata ko miji ya koma dala 1,205 na Kanada, da 85 na yatsu, wato ya haura sefa dubu 500. Sukan ƙara lokaci-lokaci, a duba shafin IRCC, hukumar shige da ficen Kanada, kafin a biya. Ban da likita, da fassara, da kaziye (takardar shaidar rashin laifi), da tambura, da hanya. Gwajin likita shekara guda yake aiki, kuma sai wurin likitocin da suka amince da su. Kaziye wata uku ne ya mutu, kada a yi gaggawar ciro shi. Bizar ziyara dala 100. Ku kwatanta da dubu 800 da mutumin can ya nema don ya jefa ta rami.

Amaryar Garwa: Jama'a na dawo, kwana huɗu ban leƙo ba. Na karanta wa maigida komai a waya, har da maganar Malam na Tongo, ya yi shiru ya daɗe. Ya ce zai nemi hutu a Disamba ko an ba ni ko ba a ba ni ba. Mutumin takardun ya kira ni sau uku, na ce masa na fasa, ya ce zan yi nadama, na kashe wayata. Inna da farko ta ƙi, sai da na zauna na yi mata bayani da Fulatanci cewa da sunan matar ɗanta zan nema, ba da sunan wata ba. Ta ce in dai ba ƙarya a ciki, ta sa albarka.

Shugabar makarantarmu ta ba ni shaidar aiki da ta hutu, 5 ga Yuli zuwa 28 ga Agusta. Wasiƙar na rubuta ta sau huɗu ina yagawa, Malamin Dang in ba damuwa zan turo maka ka duba mini Faransancin. Saura abu ɗaya: in sun ce in kawo fasfo Yawunde, wancan karon a tashar jirgi na wuni don ban san kowa ba. Akwai masaukin da mace ita kaɗai za ta kwana hankali kwance?

Malamin Dang, Ngawundare: Turo, zan duba daren nan. In kin iso Ngawundare da wuri ki sayi tikitin ɗakin kwana na mata tun da safe, yana saurin ƙarewa lokacin hutu.

Baban Sadiya, Brikitari: Wane masauki kuma, 'yata? Ga gida a Brikitari, nan Yawunde. Hajiya tana nan, ɗakin Sadiya ba kowa tunda ta tare. Ki turo wa mai kula da zaure ranar da za ki taso, yaro zai jira ki a tasha da safe. In kilishin Garwa ya samu ki riƙo mana kaɗan, na nan duk yaji ne.